Maganar Naira Ɗari: Yadda Za Mu Rage Cajin POS Da Na Taransifa A Sana'o'inmu

  Na san akwai wadda ta baro tukunya a kan murhu, akwai waɗanda suka taso tun daga wajen Kantoga da Sundimina, ga kuma 'yan'uwanmu na ɓangaren Gwaram da suka biya kuɗin mota suka zo. Allah ya saka da alheri.

Yau ba maganar rance za mu yi ba, ba kuma ta rabon ƙarshen zagaye ba. Maganar naira ɗari za mu yi. Ɗarin nan da muke miƙa wa mai POS ba tare da mun ji komai a ranmu ba.

Wadda ta je wajen mai POS a makon nan, ko ta aiki yaro, ta ɗaga hannu. To kun gani, kusan dukkanmu ne. Yanzu wadda ta san jimillar abin da ta biya na caji a watan jiya ta bar hannunta a sama. Hannuwa sun sauka ko? Ni ma nawa ya sauka, don sai bara na fara rubuta nawa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, a zamanmu na mako idan mace ta makara muka ci ta tarar naira 50, sai an yi ta jayayya har a kira shugaba ta raba. Amma wannan macen ce za ta biya naira 600 a mako a rumfar POS, ta dawo gida tana cewa yaron yana da kirki.

Da yawanmu ba da son ranmu muka shiga harkar kati da taransifa ba. Kun tuna a watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Mai ƙosai ta soya ba mai saye, mai akuya ya kai kasuwar Sara ya dawo da abarsa, masu jinya a asibitin tarayya na Birnin Kudu suna da kuɗi a banki amma ba su da na sayen koko. Ni da kaina na biya naira 1,000 don in ciri 5,000, kuma har godiya na yi. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris na 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun, sannan aka fara numfasawa. A wannan tsakanin ne mata da yawa suka buɗe akawun, wasu a banki, wasu a waya irin su OPay da Moniepoint da PalmPay. Wahalar ta wuce, amma ta bar mana wata ɗabi'a: mun saba da cewa duk abin da aka ce mu biya kafin mu taɓa kuɗinmu, biya kawai ake yi, ba a tambaya.

Kada a fahimce ni baibai. Ban zo in ce ku jefar da katin ATM ku koma ƙulla kuɗi a bakin zane ba. Taransifa ta buɗe mana kasuwa. Mace tana ɗakinta a Kangire, mai saye yana Dutse ko Kano, ya turo kuɗi, ta ba direba jarkar man gyaɗa. Da can ina aka ga haka? Abin da nake so shi ne mu rarrabe cajin da ya zama dole da wanda mu muke jawo wa kanmu. Na dolen kaɗan ne. Wanda muke jawo wa kanmu shi ne mai yawan.

Bari mu fara da wanda ya fi cin mu, wato cire kuɗi kaɗan-kaɗan.

A yawancin rumfunan da nake zuwa a nan, ko 1,000 za ki cira ko 5,000, cajin naira 100 ne. Idan 10,000 ne ya zama 200. Ku lura da abin da wannan yake nufi. Wadda ta ciri 5,000 ta biya naira 2 a kan kowace ɗari. Wadda ta ciri 2,000 ta biya naira 5 a kan kowace ɗari. Wadda ta ciri 1,000 kuwa naira 10 ta biya a kan kowace ɗari. Kun ga ke nan mai ƙaramin jari ita ce ta fi shan caji. A ce kin sayar da ƙuli-ƙulin 2,000, ribarki a ciki 300 ce, aka turo miki, kika aiki yaro ya ciro. Kashi ɗaya cikin uku na ribarki ya tafi. Ke kika sha hayaƙi, ke kika murza tunkuza har hannu ya yi kanta, amma wani ya raba riba da ke yana zaune a inuwa.

Akwai wata 'yar'uwarmu mai man gyaɗa da muka zauna muka yi lissafinta, ba zan faɗi sunanta ba, ta san kanta. Masu sayen manta suna turo mata kusan 15,000 a mako, amma ba a dunƙule ba. Da alat ya shigo sai ta ji kamar kuɗin zai gudu, ta tura yaro. Sau shida a mako, naira 600 ke nan. A shekara naira 31,200. Da na faɗa mata sai ta ce in sake lissafawa, wai ba ta yarda ba. Na sake, haka ya fito.

Da za ta haƙura ta bari ya taru ta cira sau ɗaya a mako, ta biya 300, da cajinta na shekara ya dawo 15,600. Rabi ke nan. Amma akwai hanyar da ta fi wannan. Na tambaye ta me take yi da kuɗin idan ta cira. Ta ce 10,000 na sarin gyaɗa ne, sauran na injin markaɗe da itace da cefane. Na ce mai gyaɗar nan yana da akawun? Ta ce yana da shi. To me ya sa za ki biya kuɗi a ciro miki takarda, ki ɗauke ta ki kai masa, shi ma da yamma ya kai wa mai POS ya biya a saka masa a akawun? Ku biyu kun biya caji a kan kuɗin da ba ya bukatar ya fito ko kaɗan. Kuma kada ki zaci shi asararsa yake ɗauka, a kan kwanon gyaɗa yake ɗora miki.

Yanzu ga yadda take yi. Tana tura wa mai gyaɗa 10,000 kai tsaye, abin da ke fita na caji da haraji bai wuce naira 77 ba. Ta ciri 5,000 sau ɗaya ta biya 100. Jimilla 177 a mako, wajen 9,200 a shekara. Abin da ya rage mata ya kai kusan 22,000. Idan hannun jarin ƙungiyarku naira 500 ne, hannu 44 ke nan. Ba ta ƙara ko kwalba ɗaya a kan abin da take sayarwa ba.

Wannan 77 ɗin daga ina ya fito? Nan ne ya kamata mu san cajin da hukuma ta amince da shi, don a daina yi mana kwana-kwana. CBN tana da jadawalin cajin bankuna da ya fara aiki a Janairun 2020. A cikinsa, tura kuɗi daga banki zuwa wani banki naira 10 ne idan kuɗin bai wuce 5,000 ba, naira 25 daga nan zuwa 50,000, naira 50 idan ya haura 50,000. Ana ɗora harajin VAT a kai, shi ya sa za ki ga an cire 10.75 ko 26.88 ko 53.75. Ki kwatanta da mai POS da zai karɓi 200 ko 300 don ya tura miki kuɗin da ke ma za ki iya turawa da wayarki. Idan ku biyu banki ɗaya kuke, ko manhajar waya ɗaya, yawanci ba a cire komai. Don haka kafin ki buɗe akawun, ki tambayi wanda kike sari a wurinsa da manyan masu sayenki wanne suke amfani da shi. Wasu kamfanonin wayar suna ba da taransifa kyauta ko ƙasa da farashin banki, sai dai sharuɗɗansu suna canzawa, ki riƙa duba abin da aka cire, kada ki dogara da abin da aka gaya miki ranar buɗewa.

Sai naira 50 ɗin nan da ta riƙa ɓacewa a da idan an turo miki kuɗi mai ɗan kauri. Mata da yawa sun zo mini da ƙorafi cewa an turo musu 10,000 amma 9,950 suka gani, har wata ta yi faɗa da mai sayenta ta ce ya rage mata. Ba shi ba ne. Harajin gwamnatin tarayya ne a kan duk kuɗin da aka tura da ya kai 10,000 ko ya haura. Da bankuna kaɗai ke cirewa, amma daga 1 ga Disambar 2024 su OPay da Moniepoint da PalmPay ma suka fara. Har zuwa ƙarshen 2025, daga akawun ɗin mai karɓa aka riƙa cirewa. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta mayar da shi kan mai turawa. Ko 10,000 ne ko 200,000, naira 50 ne, ba ya ƙaruwa.

Na san dabarar da wasu ke yi, su raba kuɗi gida biyu don kada ya kai 10,000. Ni dai ba na ba da wannan shawarar. Za ki biya cajin turawa sau biyu, alat sau biyu, abin da zai rage miki bai kai kuɗin magi ba, ga littafinki ya rikice, gobe a yi ta musu an turo kashi na biyu ko ba a turo ba. Wanda ya fi shi ne akasin haka: idan mai saye ɗaya zai turo miki 10,000 sau uku a mako, ku shirya ya haɗa 30,000 ya turo sau ɗaya. Hamsin ɗaya maimakon uku.

Masu ƙaramar waya, mai tocila, ku saurara da kyau, wannan naku ne. Duk lokacin da kika danna lambobin nan masu tauraro don duba kuɗi ko turawa, ana cire naira 6.98, kusan 7 ke nan. A 2025 aka fara cirewa daga katin wayarki maimakon akawun, shi ya sa wasu ke cewa katinsu yana ƙarewa ba su kira kowa ba. Idan kina jiran kuɗi kika duba sau goma a yini, naira 70 ta tafi. Saƙon alat shi ma ba kyauta ba ne. Naira 4 ne a da, a 2025 bankuna da yawa suka mayar da shi 6, kuma ana tarawa ne a cire gaba ɗaya a ƙarshen wata. Alat biyar a rana naira 900 ne a wata.

Wasu za su ce to a je banki a kashe alat ɗin. Ga mai babbar waya da ta iya buɗe manhaja ta duba da kanta, hakan yana iya yiwuwa. Amma ga mai ƙaramar waya, ni ban yarda ba. Alat shi ne shaidarki. Idan wani ya taɓa miki kuɗi, shi zai fara gaya miki. Wannan cajin yana cikin waɗanda nake cewa ki biya da zuciya ɗaya. Hanyar rage shi ita ce dai wadda muka faɗa: ki rage yawan shige da fice a akawun.

Haka kuma akwai lokacin da naira 7 ta duba kuɗi ta fi komai araha. Idan baƙo ya sayi akuyarki ko buhun riɗi ya nuna miki wayarsa ya ce ga shi ya tura, ko ma saƙo ya shigo wayarki, kada ki saki kaya sai kin duba ragowar kuɗin akawun ɗinki kin ga ya ƙaru. Akwai alat na bogi, saƙo ne kawai da ɗan damfara yake rubutawa ya yi kama da na banki. Kada kunya ta hana ki. Ki ce, "Malam, yi haƙuri ka ɗan zauna, sai ya shigo." Mai gaskiya zai zauna.

Na katin ATM ba shi da tsawo. A jadawalin nan na 2020, katin asusun ajiya ana cire masa naira 50 duk wata uku, sabon kati kuma ko canjin wanda ya ɓata naira 1,000 ne ban da VAT. Wadda take da akawun uku, ɗaya na tallafin da aka taɓa rubuta sunanta, ɗaya na lokacin canjin kuɗi, ɗaya da ɗanta ya buɗe mata, duk ana tsakurar su. Ki zaɓi wanda kike aiki da shi. Sannan ki tabbata asusun ajiya aka buɗe miki, don ɗaya nau'in, na 'yan kasuwa masu rubuta cak, a jadawalin 2020 yana da cajin kula da asusu na naira 1 a kan kowace 1,000 da ta fita. Injin ATM kuwa, tun 1 ga Maris na 2025, idan na bankinki ne ba a cire komai. Idan na wani banki ne naira 100 ce a kan kowane 20,000, ko da abin da kika cira bai kai haka ba, kuma injin da ba a harabar banki yake ba ana iya ƙara masa har 500. Amma fa a sa kuɗin mota a lissafi. Wadda take Basirka ko Farin Dutse ba za ta biya acaɓa da mota zuwa banki don gudun cajin 200 ba. Sai dai idan wata hidimar ce ta kai ki gari, asibiti ko biki, ki haɗa da cirar kuɗin.

Ina so in yi wa masu POS adalci, don 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, kuma ba duk ɗarin nan ce take shiga aljihunsu ba. Kamfanin da ya ba shi na'ura yana cire nasa a kan kowane ciniki. Tsabar kuɗin da yake ba ki, sau da yawa shi ma nemo ta yake yi a gidan mai ko wajen manyan 'yan kasuwa, wani lokacin da kuɗinsa. Ga cajin waya, ga takardar rasit, ga haɗarin ɓarayi a hanya. In ba don su ba, da ƙauyukanmu da yawa ba su da inda za su taɓa kuɗinsu. Amma ciniki ciniki ne. Yadda kike taya atamfa haka za ki taya caji. Ki tambaya kafin ki miƙa kati: "Nawa za ka cire mini a kan 15,000?" Idan ku goma ne a ƙungiya kuke zuwa wurin mutum ɗaya, shugaba da ma'aji su je su same shi su ce ga mu, mu goma, kullum wurinka za mu zo, nawa za ka rage mana? Na ga inda aka yi haka aka dace. Kuma ku guji cira ranar kasuwa da jajiberin salla, lokacin da kowa ke neman takarda. Nan ne caji yake tashi.

Ga wata dabara da ba ta bukatar mai POS sam. A zamanmu na mako, sau nawa ake samun wadda ta zo da tsabar kuɗi tana so ta tura wa ɗanta da ke makaranta a Kano, ga kuma wata da kuɗinta ke akawun tana neman na hannu? Da a ce kowacce ta tafi rumfa, su biyun za su biya. To su yi musaya mana. Mai akawun ta tura wa yaron, uwar yaron ta miƙa mata takarda. A yi a gaban mutane, a kira yaron ya tabbatar kuɗi ya shiga, mai rubutu ta rubuta. Haka ma mai shagon unguwarku da yake tara tsabar kuɗi yana neman ya tura Kantin Kwari ko Singa sarin kaya. Shi takarda ta yi masa yawa, ke ita kike nema.

Wannan ya kawo mu kan kuɗin ƙungiya. Na ga ƙungiyar da kowace mace take zuwa ta ciro kuɗin zubinta a POS ta biya 100, a tara a akwati, washegari ma'aji ta kwashe ta kai wa wannan mai POS ɗin dai ya saka a akawun ɗin ƙungiya, a sake biya. Kuɗi ya fita ya dawo inda ya fito, an yi masa aski sau biyu. Idan ƙungiya tana da akawun, wadda kuɗinta ke waya ta tura kai tsaye a lokacin zama, a karanta alat da ƙarfi kowa ya ji, a buga mata hatimi a littafinta. Sharaɗi dai shi ne akawun ɗin ya zama da sunan ƙungiya, mai sa hannun mutum biyu ko uku, kamar yadda akwatinmu yake da makullai uku. Kada ya zama akawun ɗin mijin ma'aji ko na ɗan shugaba, komai amanarsa. Mutuwa tana zuwa, saɓani yana zuwa.

Idan rabo ya matso ku shirya da wuri. Tun Disambar 2024 CBN ta ƙayyade cewa mutum ɗaya ba zai ciri fiye da 100,000 a rana ba a wajen mai POS, ko 500,000 a mako. Ƙungiyar da ta tara 800,000 ba za ta tashi da safiyar rabo ta ce za ta ciro a rumfa ba. Ko da ma zai yiwu, a lissafin 200 kan kowane 10,000, naira 16,000 za ku bayar. Gara masu sa hannu su je banki a cira a kanta, ko kuma masu akawun a tura wa kowacce rabonta kai tsaye a kan naira ashirin da wani abu ko hamsin da wani abu, ban da harajin nan na 50.

Akwai waɗanda suka tambaye ni ko su karɓi na'urar POS tasu ta kansu. Ga mai shago a bakin titi da mutane ke zuwa da kati kullum, yana iya zama alheri. Cajin da CBN ta amince a jadawalin 2020 a cire wa ɗan kasuwa idan an saye kayansa da kati shi ne rabin naira a kan kowace ɗari, wato naira 25 a kan cinikin 5,000, naira 100 a kan 20,000, kuma ba ya wuce 1,000 komai girman cinikin. A ƙa'ida mai kaya ne yake ɗaukar wannan, ba mai saye ba, don haka ki sa shi cikin farashin kayanki tun farko, kada ki tsaya kina ce wa mai saye ya ƙara ɗari, zai koma shagon gaba. Amma kafin ki sa hannu ki yi tambayoyi, kuma a amsa miki a rubuce. Nawa ne kuɗin na'urar, kuma saye ne ko ajiya da za a dawo miki da ita? Akwai adadin cinikin da dole ki yi a mako, in ba haka ba a karɓe ta? Idan ta lalace wa zai gyara? Yaushe kuɗi ke shiga akawun? Ki kuma sani cewa tun 2024 aka bukaci masu sana'ar POS su yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, sannan a 2025 CBN ta ce a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista, ba ta yawo daga kasuwa zuwa kasuwa ba ce. Ga mai sana'ar cikin gida da masu katin da ke zuwa mata ba su wuce biyu ko uku a mako ba, ra'ayina kada ta karɓa. Lambar akawun a rubuce a jikin kwali ta wadatar.

Na bar mafi tsada a ƙarshe. Wata rana na je cirar 20,000, na'ura ta yi ta juyawa, ta fitar da takarda cewa bai yi ba. Yaron ya ce in sake sakawa, na sake, ya ba ni kuɗina. Da dare sai ga alat biyu, an cire mini 40,000. Takardar farko kuwa na yar da ita a nan gindin rumfa. Ni da na yi makaranta, ni da nake koya wa mutane. Sai da na yi zuwa banki uku, da kuɗin mota da bin layi, kafin kuɗina ya dawo. Da na riƙe takardar da zuwa ɗaya ya isa.

Don haka duk takardar da na'ura ta fitar, ko ta yi ko ba ta yi ba, taki ce, ki karɓa ki adana a cikin littafin zubinki. Idan ta ce bai yi ba, kada ki yi saurin sake saka kati, ki ɗan jira ki ga ko alat zai shigo. Dokar CBN tun 2020 ita ce kuɗin da ya maƙale a POS a dawo da shi cikin awa 72, kwana uku ke nan. Idan bai dawo ba, bankinki za ki kai wa ƙara, ba mai rumfa za ki riƙe wa riga ba, don kuɗin ba ya hannunsa. Ki ce su ba ki lambar ƙorafi. Idan mako biyu ya wuce ba su warware ba, kina da damar kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, kuma ba a biyan ko sisi. Wadda ba ta iya rubutu ba ta zo mu rubuta tare.

Sai lambar sirri. Na san halin da muke ciki, da yawanmu ba ma fita, yaro ake aika da kati a gaya masa lamba. Yaron zai faɗa wa mai rumfa da ƙarfi a gaban mutane, wani ma a bayan katin aka rubuta masa. Idan ba makawa sai kin aika, ki aiki babba wanda kika yarda da shi, ki gaya masa adadin da zai ciro, ya dawo miki da rasit, ki haɗa da alat ki ga sun yi daidai. Idan da kanki kika je, ki kalli adadin da aka rubuta a na'ura kafin ki danna lambarki, ki rufe da gefen hijabinki. Sifili ɗaya ne tsakanin 5,000 da 50,000. Kuma duk wanda ya kira ki a waya ya ce daga banki yake, ko daga ofishin tallafi, yana neman lambar sirrinki ko lambobin jikin kati ko lambar da aka turo miki yanzu, ɓarawo ne. Ki kashe wayar.

Ga aikin da za mu tafi da shi gida. Kowacce ta ware shafin ƙarshe na littafinta. Daga yau har zama huɗu masu zuwa, duk lokacin da kika biya caji, na cira ne ko na turawa ko wanda kika gani a alat, ki rubuta rana da adadi. Wadda ba ta rubutu ta ja layi ɗaya a kan kowace naira 50, ko 'yarta 'yar makaranta ta rubuta mata. Kada ki canza komai a makon farko, ki yi yadda kika saba, don mu ga gaskiyar abin. A zama na huɗu mai rubutu za ta haɗa na kowa a allo. Shugabanni kuma kafin zama mai zuwa ku je ku sami mai POS ɗin da matanku suka fi zuwa wurinsa, ku ji nawa zai rage, ku zo mana da amsa.

Yanzu wadda take da rasit ko alat da ba ta gane ba ta matso da shi mu duba tare kafin a buɗe akwati.